Zamiya A Kan Bututu: Yaro Bai San Wuta Ba Sai Ya Taka

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Sabha ta yi kudu wajen Murzuk ya san Ghuddwa. Ƙaramin gari ne mai dabino da gonakin rani, tafiyar kusan awa guda a mota daga Sabha, kuma kamar sauran garuruwan Fazzan, ba ka rasa mutanenmu a cikinsa. Wasu na aikin gona, wasu gini, wasu walda, wasu sun daɗe har sun kawo iyali. A can wani ƙanena yake zaune da matarsa da 'ya'yansa, a can ne kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru.

Babban ɗansa, yaro ɗan shekara 14, ya raka uban kasuwar gwanjo a Sabha. Cikin tarkacen kayan da ake kwasowa daga Turai ya ci karo da wasu gajerun alluna guda biyu, kowanne bai kai tsawon mita ɗaya ba, gaba a lanƙwashe, baya a lanƙwashe, da maɗaurin ƙafa a tsakiya. Mai kayan bai san amfaninsu ba, uban ma haka. Yaron kuwa ya sani, domin ya sha ganin irinsu a waya, inda samarin Turawa ke tahowa a guje a kan dusar ƙanƙara, su yi tsalle su dira a kan dogon ƙarfe, su zame har ƙarshensa kamar ba 'yan Adam ba. Ya dage da magiya har aka saya masa, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Cikin mako guda shi da abokansa sun samo tsohon bututun ban ruwa, sun ɗora shi a kan bulo biyu a gindin wani tudun rairayi. Ya ji cewa gwanaye na maƙala wani faranti don ya taimaka musu wajen gurzar ƙarfen, saboda haka ya yanko bangon jarka ya buga a ƙasan allunan da kusoshi. Takalmin da aka yi maɗaurin dominsa babu, sai ya ɗaure ƙafarsa tamau da robar taya. Ya hau tudu ya gangaro. Kan kusa ɗaya ya kama bakin bututu, allo ya tsaya cik, jiki ya wuce, ƙafa kuwa tana ɗaure. Ƙashin ƙwauri ya tafi.

Da na je duba shi, ƙafa a miƙe, sai ya ce da ni, "Baba, wallahi farantin ne bai yi kyau ba. Da na sami na ainihi da ban faɗi ba." Wannan magana ita ta fi karayar damuna. Yaron bai ɗauki darasin da ya kamata ba, kuma na tabbata ba shi kaɗai ne mai wannan tunani ba. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu fahimci wasan nan tun daga tushe, mu iyaye da su yaran.

Daga ina wasan ya fito?

Zamiya a kan dusar ƙanƙara tsohon abu ne a ƙasashen sanyi, kuma da dogayen alluna aka san ta, waɗanda sukan kai tsawon mutum ko su fi, tare da sanduna biyu a hannu. Gajeren allo irin na ɗanmu, wanda Turawa ke kira skiboard, bai daɗe ba. A farkon shekarun 1990 kamfanin Kneissl na ƙasar Ostiriya ya fito da wani mai suna Bigfoot, tsawonsa santimita 65, an yi masa siffar yatsun ƙafa a gaba don ban dariya. A 1995 wani saurayi Ba'amurke, Jason Levinthal, ya fara ƙera nasa a garejin gidan iyayensa a jihar New York, ya sa wa kamfaninsa suna Line. A 1997 kamfanin Salomon na Faransa ya fito da Snowblade, wanda ya bazu har sunansa ya zama sunan abin a bakin mutane da yawa. A 1998 aka sa wasan cikin gasar X Games ta lokacin sanyi a Amurka, amma bayan 'yan shekaru aka cire shi, domin dogayen alluna masu lanƙwasa gaba da baya sun fito sun ƙwace kasuwa.

To ina ruwan allon ƙanƙara da dogon ƙarfe? Wannan ɗabi'a daga titi ta zo. Samarin biranen Amurka masu allon taya da masu takalmin taya, irin wanda kamfanin Rollerblade ya yi suna da shi, su suka fara hawa ƙarfen da ake dafawa a gefen matakala suna zamewa a kansa. Da yake takalmin ba don haka aka yi shi ba, ƙarfe yakan cinye shi, sai aka ƙirƙiro wani ɗan faranti na roba mai tauri ko na ƙarfe ana ɗaura shi a tsakanin tayoyi. Yana kare takalmin, yana kuma ba ƙarfen wurin zama. Har ma a 1997 aka fito da takalmin yawo mai suna Soap, da irin wannan faranti a tsakiyar tafinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka rungumi gajeren allo tun farko 'yan takalmin taya ne, don haka suka tafi da al'adarsu kan duwatsun ƙanƙara, da ƙarfensu da farantinsu. Abin ya ci gaba da girma, har ya kai a gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Sochi ta ƙasar Rasha a 2014 aka fara ba da lambar zinariya a wasan da ya haɗa tsalle da zamiya a kan ƙarafa.

Mai karatu ya lura da abu guda a wannan tarihi. Gwanaye ne suka ƙirƙiro farantin, bayan sun riga sun iya, don kayansu su daina lalacewa. Ba ɗan koyo aka yi wa shi don ya iya ba.

Abin da ke faruwa a kan ƙarfe

Allon zamiya yana da ƙasa mai santsi ta roba, da siririn ƙarfe mai kaifi a gefe da gefe. Kaifin nan shi ne birkinsa, shi ne kuma sitiyarinsa. Mai zamiya yakan karkata jiki ya nutsa kaifin cikin ƙanƙara, da haka yake juyawa, da haka yake tsayawa. Wannan ne abu na farko da jiki ke koya, har ya zama da zarar tsoro ya zo, sai mutum ya ja jiki baya ya kafa kaifi ba tare da ya yi tunani ba.

A kan bututu kuwa wannan ɗabi'a ita ce ke kayarwa. Ƙarfe ba ya nutsewa. Idan ka ja jiki baya, ƙafafu su sulle gaba su bar ka, ka faɗi da ƙugu ko da ƙeya. Idan kaifin gaba ya sunkuya ya ciji ƙarfen, allo ya tsaya, kai ka wuce da fuska ko da haƙarƙari. Abin da ake so shi ne allon ya kwanta shimfiɗe a kan ƙarfen, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan durƙushe, nauyin jiki a saman ƙafafu, ido kuma yana kallon ƙarshen ƙarfen ba ƙasa ba. Wato sai mutum ya danne abin da tsoro ke umurtarsa da shi. Babu farantin da zai yi maka wannan.

Saboda cizon kaifi ne masu wannan wasa sukan sa magagari su dakushe kaifin da ke daidai ƙarƙashin ƙafa, su kuma goga kaki a kan ƙarfen. Amma ko wannan yana da farashi, domin allon da aka dakushe ya rage riƙo a ƙasa, kuma ƙarfen da aka shafe da kaki ya ƙara gudu. Gwani ya san abin da ya saya da abin da ya sayar. Ɗan koyo kuwa ya rage wa kansa birki ya ƙara wa kansa gudu, bai sani ba.

Sai maganar maɗauri, wadda ita ce ta karya ɗanmu. Maɗaurin dogon allo yana da sifirin a ciki. Idan mutum ya faɗi ƙafa ta murɗe, sai ya buɗe da kansa ya saki takalmin. Gajerun alluna da yawa, musamman na shekarun 1990, an yi su ne da maɗaurin da ba ya saki, bisa tunanin cewa allon ya yi gajarta da zai murɗe ƙafa. Aiki ya nuna ba haka ba ne. Wani likita mai suna Mike Langran ya bi diddigin waɗanda suka ji rauni a wuraren zamiya na Sukotland, ya buga sakamakonsa a 2002, inda ya nuna karaya, musamman ta ƙasan gwiwa, ta fi yawa a cikin raunukan masu gajeren allo in an kwatanta da masu dogo. Wannan fa a ƙasar da ke da takalmin da ya dace, da masu koyarwa, da masu ceto a tsaye. To ina ga wanda ya ɗaure ƙafa da robar taya?

Mu rairayi gare mu

Wani zai ce, ai mu ba mu da ƙanƙara, me ya kawo wannan dogon bayani? Gaskiya ne ba mu da ita, amma muna da abin da ƙasashen sanyi ke biyan kuɗin jirgi su zo nema. Fazzan na da manyan tekunan rairayi biyu, na Ubari da na Murzuk. A shekarun da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa tafkunan Ubari, wato Gabraun da Ummul Ma da Mandara, kafin yaƙin 2011 ya tsayar da harkar, baƙi sukan hau babban tudun da ke bakin tafkin Gabraun su gangaro a kan alluna, har akan ba da hayarsu a wurin. Yaranmu ma tun kafin su ga Bature suke sulu a kan tudu da kwali ko murfin tukunya.

Zamiyar rairayi wasa ce mai zaman kanta a duniya. Ana yin ta a Huwakacina ta ƙasar Peru da kuma kusa da Swakopmund a Namibiya. A garin Hirschau na Jamus akwai wani tudun yashi da ya taru daga aikin haƙar ma'adinai, ana ce masa Monte Kaolino, inda aka sha yin gasar duniya. A 2010 wani mai suna Henrik May ya yi gudun kilomita 92 da 'yan kai a awa a kan rairayin Namibiya. Saboda haka kada wani ya raina abin da ke bayan gidansa.

Sai dai rairayi da ƙanƙara ba ɗaya ba ne. Ƙanƙara santsi gare ta, rairayi kuwa kamar samfefa yake, yana riƙe allo yana cinye ƙasansa. Shi ya sa allon rairayi na ainihi akan manna masa fomika a ƙasa, a goga masa kaki kafin kowace gangara. Kaki irin na kyandir ma yana yi. Gajeren allo siriri ne, ya fi saurin nutsewa, kuma idan hancinsa ya shige rairayi sai ya wurgar da mai shi. Allon da ya fi faɗi ya fi dacewa da mu, kuma kafinta mai hankali zai iya yin sa da katako mai lanƙwasa da guntun fomika. Haka nan yashi yakan cika maɗauri mai sifirin ya hana shi buɗewa, don haka ko wanda ya yi sa'ar samun irinsa sai ya riƙa wanke shi yana gwada shi.

Babban haɗarin haɗa rairayi da bututu shi ne bambancin gudu. Yaro ya taho rairayi yana riƙe shi, jikinsa ya saba da wannan riƙo, sai kwatsam ya hau ƙarfe mai santsi, ƙafafu su yi gaba. Idan kuma ya kai ƙarshe ya sauka, rairayi ya sake cafke allon, jiki ya yi gaba. Sau biyu ke nan cikin daƙiƙa biyu ƙasa ke canza masa hali. A ƙanƙara wannan bambanci bai kai haka ba.

Sannu ba ta hana zuwa

Ban rubuta wannan don a hana yara wasa ba. Yaron da ke zaune a gona, nesa da dangi, babu filin ƙwallo mai kyau, babu wurin shaƙatawa, idan ya samo wa kansa abin motsa jini, ai ya fi zaman banza da yawon dare. Hani kuma bai taɓa hana yaro ba, sai dai ya koya masa ɓoyewa. Abin da ya kamata shi ne a bi da shi mataki mataki, kamar yadda masu koyar da wasan ke yi a ƙasashensa.

Na farko, ya koyi faɗuwa. Yawancin karayar wuyan hannu daga miƙa hannu ne don tare ƙasa. A koya masa ya dunƙule jiki, ya sa haɓa a ƙirji, ya mirgina ta gefe. Wannan a rairayi mai laushi za a yi shi, babu allo ma.

Na biyu, ya koyi tsayawa da juyawa a ɗan ƙaramin tudu, ba a fuskar babban tudu ba. Fuskar tudun da iska ke zubo wa rairayi takan kai gangaren digiri 30 zuwa 34, kuma wanda ya tsaya a samanta ya leƙa zai gane ba wurin koyo ba ne. Wanda bai iya tsayar da kansa a inda ya ga dama ba, dama da hagu, bai kai maganar ƙarfe ba.

Na uku, idan lokaci ya yi, kada a fara da bututu. Masu koyarwa da akwati suke farawa, wato faffaɗan katako mai santsi da aka shimfiɗa dab da ƙasa, wanda za a hau ba tare da tsalle ba. A fara bi ta kansa a miƙe, sau da yawa, har jiki ya san yadda santsi ke zuwa. Daga nan a koyi bi a karkace. Sai an ƙoshi da wannan a rage faɗin katakon. Bututu mai zagaye shi ne aji na ƙarshe, kuma ko shi a binne rabinsa a rairayi, kada a ɗaga shi a kan bulo. Tsayin ƙarfe ba ya ƙara ƙwarewa, ciwo kawai yake ƙarawa.

Na huɗu, kayan kariya. Hular kwano ita ce gaba da komai, ko da irin ta masu keke ce. Ƙafa takan ɗoru, kai kuwa ba kullum ba. Sai abin kare wuyan hannu da gwiwa. Kuɗin da yaro zai kashe wajen neman faranti, a nan ya kamata ya kashe shi.

Na biyar, kada a buga wa ƙasan allo komai. Ƙasan an yi shi ne ya zama sumul, duk abin da ya turo kai, kusa ce ko bakin roba, ƙugiya ce mai jiran abin kamawa. Shi ma ƙarfen a duba shi. Masu waldarmu, don Allah, idan yara suka zo muku da irin wannan aiki, ku goge duk wani tudun walda, ku lanƙwasa bakin bututun ya shige ƙasa, ku kuma tambaye su ko iyayensu sun sani.

Na shida, ƙafa kada ta ɗauru ɗaurin da ba ya saki. A rairayi, a ƙaramin tudu, maɗaurin da ƙafa za ta iya zarewa idan an faɗi ya fi aminci nesa ba kusa ba. Gara allo ya tsere a bi shi a ɗauko.

Na ƙarshe, wuri da lokaci. Da sassafe ko da yamma, lokacin da rairayi bai yi zafi ba, da ruwan sha, kuma ba shi kaɗai ba. A duba gindin tudu, kada a sami dutse, ko waya, ko kututturen dabino. Kada kuma a manta yankin nan ya ga faɗa, Ubari daga 2014 zuwa 2016, Ghuddwa da Murzuk a 2019. Duk wani baƙon ƙarfe da yaro ya gani a rairayi, kada ya taɓa, balle ya ɗauko don yin wasa.

Abin da waya ba ta nunawa

Hoton da yaranmu ke kallo daƙiƙa goma ne. Ba ya nuna shekarun da mai yin ya shafe yana koyo, ba ya nuna sau nawa ya faɗi kafin a ɗauki wanda ya yi kyau, ba ya nuna motar asibitin da ke jira a gindin dutse. Mu da ke zaman ci-rani lissafinmu daban ne. Ƙanena ya ɗauki hayar mota zuwa Sabha cikin dare, yana addu'a a kowane shinge. Ya biya kuɗin hoton ƙashi da magani, ya bar aikin gona kwanaki, kuɗin da ya tara don aikawa gida suka tafi a ƙafa ɗaya. Kowa a cikinmu ya san wanda takardunsa ba su cika ba, wanda zai gwammace ya kai ɗansa wurin maɗori a ɓoye ko da karayar ta fi ƙarfin ɗori. Ƙashin yaro kuwa yana kan girma, idan karaya ta taɓa kusa da gaɓa aka yi sakaci, ƙafar na iya tashi a karkace har abada. Don haka idan abin ya faru, kada a ja ƙafar, kada a murza, a tallafe ta da katako a nemi hoton ƙashi.

Kakanninmu fatake sun ratsa wannan sahara da raƙuma, daga Kano zuwa Damagaram da Agadas, zuwa Gat, har Tarabulus. Babu madugun da ya taɓa miƙa wa yaro ragamar ayari ranar da ya fara tafiya. Yakan fara ne da riƙon igiya, ya koyi ɗaurin kaya, ya koyi rijiyoyi, shekara bayan shekara. Wasan nan sabo ne, amma ƙa'idar tsohuwa ce.

Ɗanmu ya warke, alhamdu lillahi, ya ajiye sanda. Ranar da zan komo na tarar da shi yana zare kusoshin nan ɗaya bayan ɗaya daga ƙasan allunan. Na ce, "To, ɗana, an haƙura ke nan?" Ya ce, "A'a Baba, ƙaramin tudu zan koma." Uban ya dube ni, na dube shi. Da muka shiga Sabha, kafin in hau mota, sai da muka biya kasuwa muka nemo hular kwano.

Allah ya kiyaye mana zuri'a, ya mai da kowa gida lafiya.